Mutuwar Senna, Zakaran Tseren Motoci: Makirci Ne Ko Sakaci?

 Ga labarin wani mutumin ƙasar Birazil mai suna Ayrton Senna, wanda ajalinsa ya same shi cikin motar tsere a ƙasar Italiya, ran Lahadi 1 ga watan Mayu, 1994. Ba a daji ya mutu ba, ba kuma da dare ba. Da rana tsaka abin ya faru, a gaban dubban 'yan kallo, miliyoyi kuma suna gani ta talabijin a ƙasashe dabam-dabam. Duk da haka sai da aka kai shekara 13 bayan mutuwarsa kafin a rufe shari'arta, kuma ko da aka rufe shari'ar, bakin mutane bai rufu ba. Waɗansu suka ce kashe shi aka yi. Waɗansu suka ce an ɓoye sa'ar da ya cika don kada a yi asarar kuɗi. Waɗansu kuma suka ce an lalata shaida da gangan.

Magabata sun kasa abin da mutum ke riƙe da shi na labari kashi huɗu. Akwai yaƙini, shi ne abin da ba ya karɓar musu. Akwai zato, shi ne ɓangaren da ya rinjaya. Akwai shakka, ita ce inda ɓangarori biyu suka yi kunnen doki. Akwai kuma wahami, shi ne ɓangaren da aka rinjaya, mai raunin hujja. Da wannan ma'auni za a auna maganganun da aka yi a kan mutuwar Senna, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai awo ke auna hatsi, ba algus, ba tauye mudu.

Fasali na farko: mutumin da sana'arsa

An haifi Senna a birnin Sao Paulo ran 21 ga watan Maris, 1960. Sana'arsa tuƙin mota a gasar da ake kira Formula 1, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya. Motar wannan gasa ba irin ta titi ba ce. Kujera ɗaya gare ta, ba rufi, tayoyinta huɗu a waje suke, direba yana kishingiɗe a ciki kamar wuƙa cikin kube, kansa kaɗai ke leƙowa cikin hular kwano. Kowane kamfani yakan kawo motoci biyu, a yi ta zagaya ƙasashe ana tsere, wanda ya fi tara maki a ƙarshen shekara shi ne zakaran duniya.

Senna ya zama zakara sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, duka a motar kamfanin McLaren na Ingila. Ya ci tsere 41, ya kuma sami matsayin gaba wajen tashi sau 65. A 1994 ya koma kamfanin Williams, shi ma na Ingila, domin motocinsa ne suka mamaye gasar a 1992 da 1993. Sai dai abin da ya ba su wannan fifiko, watau na'urorin kwamfuta masu daidaita mota da kansu yayin da take gudu, hukumar tseren motoci ta duniya mai suna FIA ta hana amfani da su daga farkon 1994. Da aka cire su sai motar ta zama kamar ingarma marar linzami. Senna ya yi kuka da wuyar sarrafa ta, ya kuma yi kuka da ƙuncin mazauninta. Tsere biyu na farkon shekarar, na Birazil da na Aida a ƙasar Japan, bai kai ƙarshen ko ɗaya ba, wani saurayi Bajamushe mai suna Michael Schumacher na kamfanin Benetton ya cinye su duka. Haka aka iso tsere na uku, Schumacher da maki 20, Senna ba ko ɗaya.

Fasali na biyu: kwana uku a Imola

Imola gari ne kusa da birnin Bolonya a arewacin Italiya. Ran Juma'a 29 ga watan Afrilu, wajen gwaji, motar wani ɗan Birazil mai suna Rubens Barrichello ta yi tsalle ta daki shinge, ya suma, amma ya rayu. Ran Asabar, fiffiken gaban motar Roland Ratzenberger, mutumin ƙasar Ostiriya, ya karye, ya daki bango yana gudun da ya haura mil 190 a awa, ya mutu. Rabon da direba ya mutu a taron tseren Formula 1 tun 1982. Babban likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, wanda aminin Senna ne, ya ba da labari daga baya cewa a ranar ya ga Senna yana kuka, har ya ba shi shawara ya bar tseren haka nan su tafi kamun kifi, amma Senna bai karɓa ba.

Ran Lahadi da safe Senna ya tattauna da 'yan'uwansa direbobi a kan farfaɗo da ƙungiyarsu don neman a ƙara tsaro. Da aka ba da alamar tashi, motar J. J. Lehto ta mutu a wurin, ta Pedro Lamy ta zo ta baya ta dake ta, ɓaraguzai suka tsallake shinge suka ji wa waɗansu 'yan kallo rauni. Sai aka fito da motar jagora, wata Opel Vectra irin ta titi, ta shiga gaba, motocin tsere suka bi ta a hankali har ƙarshen zagaye na 5, ana share hanya. A zagaye na 6 aka sake su, Senna a gaba, Schumacher a bayansa.

A zagaye na 7, da ƙarfe 2 da minti 17 na rana, suka iso wata lanƙwasar hanya mai karkata hagu, ana kiran ta Tamburello. Direbobi ba su rage gudu a wannan kwana. Bayanta akwai bangon kankare, bayan bangon kuma kogin Santerno, shi ya sa ba a iya matsar da bangon baya ba, ko da yake Nelson Piquet ya dake shi a 1987, Gerhard Berger kuma motarsa ta kama da wuta a nan a 1989. Motar Senna, tana gudun kusan mil 190 a awa, maimakon ta bi kwana sai ta miƙe. Ya taka birki, gudu ya sauko wajen mil 130, ta daki bango. Tayar gaba ta dama ta fizge ta bugi kansa, wani tsinin ƙarfe daga cikin masu riƙe tayar kuma ya huda hular kwano a saman idonsa na dama. Likitoci suka buɗe masa hanyar numfashi a gefen hanya, jirgin sama mai saukar ungulu ya kai shi asibitin Maggiore a Bolonya. Da ƙarfe 6 da minti 40 na yamma likita Maria Teresa Fiandri ta sanar da mutuwarsa. Shekararsa 34. A cikin motarsa aka sami tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger in ya gama tsere.

Duk abin da ya gabata yaƙini ne, ba mai jayayya a kansa. Jayayya a kan abu ɗaya take: me ya hana motar bin kwana?

Fasali na uku: masu cewa kashe shi aka yi

Mafi nisa daga cikin maganganu ita ce ta masu cewa an harbe shi daga nesa, ko an taɓa motarsa da gangan. Hujjarsu uku ce. Suka ce ga huji a gilashin hular kwano. Suka ce Senna ya daɗe yana rigima da shugabannin gasar, tun 1989 da aka soke nasararsa a Suzuka ta Japan, ya fito fili ya zargi shugaban hukumar na lokacin, Jean-Marie Balestre. Suka kuma ce yana zargin kamfanin Benetton da amfani da na'urar da aka hana, saboda haka ya zama ƙaya a maƙogwaron waɗansu.

To, a ɗora wannan a sikeli. Hujin hular kwano, binciken gawa da na hular sun danganta shi ga ƙarfen tayar, ba a sami harsashi ba. Motar da ke gudun mil 190 a awa tana cin fiye da mita 80 cikin sakan ɗaya. Balestre kuwa ya bar kujerar shugabancin tsere tun 1991. Zancen Benetton yana da tushe, domin bayan tseren Imola hukuma ta binciki kwamfutar motarsu, ta tarar da wani ɓoyayyen tsari mai taimakon mota wajen tashi, amma ba ta sami shaidar an yi amfani da shi a tsere ba. Wannan magana ce ta maguɗi a gasa, ba ta kisan kai ba, kuma tsakanin su biyu akwai tafiya mai nisa.

Sa'an nan a tambayi mai wannan magana: wa ya ci riba? Senna shi ne hajar da ta fi kowace tsada a wannan kasuwa, don shi mutane da yawa ke sayen tikiti suna kunna talabijin. Ɗan kasuwa ba ya cinna wa rumbunsa wuta. Ko wanda ya shirya taɓa mota, ba shi da ikon saita inda taya za ta faɗa bayan ta fizge. Piquet da Berger sun daki bangon nan sun tashi. Abin da ya raba su da Senna tazarar 'yan yatsu ce a hanyar da ƙarfe ya bi. Mai gabatar da ƙara na Italiya, wanda ya shekara biyu da ɗoriya yana tono, bai tuhumi kowa da kisan ganganci ba. Saboda haka wannan magana wahami ce, ba ta kai ko matsayin shakka ba.

Fasali na huɗu: masu cewa an ɓoye sa'ar mutuwa

Magana ta biyu ta fi ta farko nauyi. Masu ita suka ce a dokar Italiya in mutum ya mutu a filin wasa tilas a tsayar da wasan, hukuma ta rufe wurin don bincike. Suka ce don haka ne ba a sanar da mutuwar Ratzenberger ba sai a asibiti, don haka ne kuma aka riƙe Senna da injuna har yamma, alhali ya riga ya cika tun a bakin bango. Abin da ya ƙara musu ƙarfi shi ne takardar hukuma ta rubuta lokacin mutuwarsa ƙarfe 2 da minti 17, watau lokacin haɗarin, ba na sanarwar ba.

A nan ya kamata mai karatu ya san cewa likitocin zamani suna rarrabe mutuwar ƙwaƙwalwa da tsayawar zuciya. Ƙwaƙwalwa na iya lalacewa ta yadda ba ta komawa, zuciya kuma ta ci gaba da bugawa na waɗansu awoyi in ana hura wa huhu iska da inji. Haka ya faru ga Senna. Lokutan nan biyu kowane gaskiya ne ta fuskarsa: na farko lokacin raunin da ba a tashi daga gare shi, na biyu lokacin da zuciya ta tsaya aka sanar. Likita kuwa muddin ya ji bugun zuciya aikinsa ne ya ci gaba da ƙoƙari, ba ya yanke ƙauna a bakin hanya cikin minti kaɗan. Ba wata kotu da ta sami likita ko ɗaya da laifin ƙarya a wannan al'amari.

Amma akwai abin zargi na gaskiya, wanda ba ya bukatar a ƙirƙiro makirci. An yi mutuwa ran Asabar, aka yi tsere ran Lahadi. An ɗauke Senna jina-jina, kafin ƙarfe 3 aka sake tayar da motoci, aka gama, Schumacher ya ci, kafin nan ma wata taya ta fice daga motar Michele Alboreto a wurin canjin taya ta ji wa makanikai rauni. Dukiya mai yawa ta tikiti da ta talabijin tana rataye a kan tseren. Wanda ya ce son kuɗi ya rinjayi kunya a ranar, ya faɗi abin da za a saurara. Wanda ya ce likitoci sun haɗa baki sun ɓoye gawa, ya wuce iyakar abin da shaida ta ba shi.

Fasali na biyar: shaidun da suka salwanta

A nan ne bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Motar Senna tana ɗauke da akwatuna biyu masu adana bayanin tafiyarta, ɗaya na kamfanin Williams, ɗaya na kamfanin Renault na Faransa mai ƙera injin. Da aka jawo motar, maimakon a bar su a hannun masu bincike, sai aka miƙa su ga ma'aikatan kamfanonin. Jami'in hukuma Charlie Whiting ya shaida wa kotu cewa shi ya ba da izini, don a duba ko akwai aibin da zai shafi ɗaya motar Williams, wadda Damon Hill zai sake tuƙawa a ranar. Wani jami'in fili Ba'italiye, Fabrizio Nosco, ya shaida cewa ya ga akwatunan ba abin da ya same su sai ƙuje-ƙuje. Amma da akwatin Williams ya iso hannun masu bincike bayan kimanin wata guda, ba a iya karanta komai a cikinsa ba. Kamfanin ya ce bugun bango ne ya lalata shi. Daga na Renault aka sami bayanin da aka yi aiki da shi a kotu.

Na biyu, akwai kyamara a jikin motar Senna tana ɗaukar hannuwansa da hanya. Hotonta ya yanke saura abin da bai kai sakan biyu ba ya daki bango, watau daidai wurin da ake bukata. Masu kula da hotunan suka ce motoci kaɗan ake iya ɗauka a lokaci guda, kuma a daidai wannan lokaci ne aka juya zuwa wata mota. Mai gabatar da ƙara bai gamsu ba, ya kuma faɗa a fili. Na uku, a 2002 kotu ta mayar wa Williams gawar motar, aka wargaza ta, hular kwano kuma aka mayar wa kamfanin Bell da ya ƙera ta, aka lalata ta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uzurin da hankali zai iya karɓa. Amma duk wanda ya taɓa zaman sulhu a kasuwa ya sani, in aka ce littafin bashi ya jiƙe, rasit ya ɓace, dillalin da ya halarci ciniki kuma ya yi tafiya, to ko mai gaskiya ne sai an dube shi sau biyu. Hukuncin wannan fasali shakka ne: ba a tabbatar an ɓata shaida da gangan ba, ba a kuma wanke zukatan mutane ba. Sai dai a lura, ko da an ɓoye wani abu, abin da ake zargin an ɓoye kuskuren ƙira ne don tsoron kotu, ba shirin kisa ba.

Fasali na shida: sandar sitiyari da shari'ar shekara goma

Da aka duba motar bayan haɗari, an tarar da sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba a karye. An kuma gano cewa ba yadda aka ƙera ta tun farko take ba. Saboda kukan da Senna ya yi na ƙuncin mazauni, an yanke sandar, mai kaurin milimita 22, aka saka wani guntun bututu mai kaurin milimita 18 a tsakani, aka yi walda. A daidai wannan wuri ta karye. Masanan da hukuma ta naɗa, cikinsu har da Farfesa Enrico Lorenzini na jami'ar Bolonya, suka ce sun ga alamar gajiyar ƙarfe, watau tsaga ƙarama da ke ƙaruwa sannu a hankali saboda jijjiga, kamar yadda waya ke karyewa in an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya.

Ran 20 ga watan Fabrairu, 1997 aka buɗe shari'a a Imola. Mai gabatar da ƙara Maurizio Passarini ya gurfanar da mutum shida da tuhumar kisan kuskure ta hanyar sakaci: Frank Williams mai kamfani, Patrick Head shugaban injiniyoyinsa, Adrian Newey mai zanen motar, da mutum uku daga masu kula da filin da tseren. Tun kafin a fara, waɗansu shugabannin kamfanonin tsere suka yi barazanar daina kai motocinsu Italiya in aka ɗaure wani, abin da ya ƙara wa masu zato ƙarfin gwiwa.

Lauyoyin Williams ba su musa cewa sandar ta karye ba. Abin da suka musa shi ne lokacin. Suka ce bango ne ya karya ta, ba ita ta kai mota bango ba. Bayaninsu shi ne, tafiyar hawainiya a bayan motar jagora ta sa tayoyi sun huce, iskar cikinsu ta rage ƙarfi, mota ta yi ƙasa. Ita kuwa motar tsere iskar da ke ratsa ta sama da ƙasa ce ke danne ta a kan hanya. In cikinta ya gogi ƙasa a kan tudun kwalta sai iskar ta yanke, taya ta saki hanya. Schumacher, wanda ke bayansa, ya ce ya ga motar tana gugar ƙasa tana rawa a wannan kwana tun zagayen da ya gabata. Newey daga baya ya karkata ga cewa mai yiwuwa tayar baya ta dama ce ta taka ɓaraguzan haɗarin farko ta yi faci. Damon Hill kuma ya ce a ganinsa Senna ne ya yi kuskure, maganar da ta yi wa masoyansa ɗaci.

Ran 16 ga watan Disamba, 1997 alƙali Antonio Costanzo ya sallami duka shida. Aka ɗaukaka ƙara, a 1999 kotun gaba ta tabbatar da sallamar. A 2003 kotun ƙoli ta soke wannan hukunci ta ce a sake. A 2005 aka wanke Newey sarai. Ran 13 ga watan Afrilu, 2007 kotun ƙoli ta yanke magana ta ƙarshe: karyewar sandar sitiyari ce ta jawo haɗarin, gyaran da aka yi mata ba a tsara shi da kyau ba, ba a kuma aikata shi da kyau ba, alhakin rashin sa ido yana kan Patrick Head. Amma wa'adin hukunta irin wannan laifi a dokar ƙasar, shekara bakwai da rabi, ya riga ya wuce, saboda haka ba a ɗaure kowa ba.

Wannan shi ne zato mai rinjaye, tunda shi kotu ta tsaya a kai bayan sauraron masana na kowane ɓangare. Ba a kira shi yaƙini ba domin injiniyoyi masu ilmi sun saɓa a kansa. Shi kansa Newey, a littafinsa na 2017, ya yarda cewa ko sandar ce sanadi ko ba ita ba ce, aikin da aka yi mata bai cancanci ya hau motar ba, kuma nauyin abin bai sauka daga zuciyarsa ba.

Fasali na ƙarshe: abin da ya rage a faifai

Ƙasar Birazil ta yi zaman makoki na kwana uku. Ran 5 ga watan Mayu aka binne Senna a maƙabartar Morumbi a Sao Paulo, jama'a suka cika tituna maƙil, babban abokin hamayyarsa Alain Prost na Faransa yana cikin masu ɗaukar makara. Mutanen da suka ga wannan taro da wuya zuciyarsu ta yarda cewa guntun bututu, ko tayar da ta huce, shi ne sanadin tafiyar irin wannan mutum. Ɗan'adam yana son sanadi ya yi girman abin da ya faru. In babba ya faɗi sai ya nemi babban maƙiyi a bayan labule. Alhali kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abin lura shi ne, masu neman maharbi ba su ceci ran kowa ba. Waɗanda suka ceci rayuka su ne waɗanda suka zauna suka ƙirga ƙananan abubuwa. Direbobi suka farfaɗo da ƙungiyarsu cikin wannan wata na Mayu. Aka naɗa Farfesa Watkins ya shugabanci kwamitin masana na tsaro. Kafin tseren 1995 aka karya kwanar Tamburello ta zama mai tilasta rage gudu. A 1996 aka ɗaga gefen mazaunin direba don ya kāre kai. A 1999 aka wajabta ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi don kada su fizge. A 2003 aka wajabta abin tallafe wuya da kai. Bayan Senna ba a sake rasa direba ta haɗarin tseren Formula 1 ba sai Jules Bianchi na Faransa, wanda ya yi haɗari a Japan a 2014 ya rasu a 2015, kuma a 2018 aka ƙara wani baka mai ƙarfi bisa kan direba. 'Yar'uwar Senna, Viviane, ta kafa gidauniya da sunansa a 1994 don ilmin yaran Birazil, abin da ya yi niyya tun yana da rai.

To, mai karatu, ga abin da awo ya bayar. Cewa an kashe shi da gangan wahami ne. Cewa an ɓoye gawa don kuɗi magana ce da ta haɗa gaskiya da ƙari. Cewa an taɓa shaida shakka ce, kuma masu riƙon amanar shaidar su suka jawo wa kansu, domin da sun bar akwati inda doka ta ce a bar shi, da rabin zancen bai tashi ba. Cewa aikin walda marar kyau ne ya ci ransa, shi ne mafi rinjaye. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai taɓa sauke alhaki daga wuyan wanda aka ba aiki ya yi shi rabi da rabi ba. Duk wanda labari irin wannan ya zo masa, ya tambayi mai kawo shi abu uku kafin ya ɗauka ya kai gaba: wa ya gani da idonsa, me ya rage a hannu na shaida, kuma wa zai cutu in maganar ta zama ƙarya. Wanda kuma aka damƙa wa sitiyarin wani ya gyara, ya tuna rai ne aka damƙa masa.

Iyakar labari ke nan. Tamat.